Yadda Na Zama Tafintan Likita

A shekarar 1955 ina akawun En'e a wata gunduma, aikina rubuta haraji da jangali da amsa wasiƙun Hakimi. Iyakar karatuna saukar Alƙur'ani da aji huɗu na elementare. Ran nan sai aka ce Likita Bature zai zo rangadi, ya kwana uku a ɗakin shan maganinmu, ga shi kuwa sabon malamin asibitin da aka kawo mana ba ya jin Hausa sosai. Hakimi ya ce, "Malam, kai za ka yi tafinta." Na ce, "To, ranka ya daɗe," ina jin kaina, domin na sha fassara wa D.O. rigimar iyakar gona.

Mutum na fari da ya shigo wani dattijo ne. Na ce, "Baba, me ya kawo ka?" Ya ce, "Shawara ce, ɗana." Idona na kan takarda, ban ko dube shi ba, sai na ce wa Likita ga wani ya zo neman shawara. Likita ya ce to ya jira a gama da marasa lafiya tukuna. Haka tsohon nan ya zauna gindin bedi har azahar. Da Likita ya fito sai ya tsaya a kansa, ya ja fatar idonsa ƙasa, ga ƙwayar ido ta rine kamar garin ɗorawa. Ashe ciwon shawara yake nufi. Likita bai yi mini faɗa ba, dubana kawai ya yi, ni kuwa da ma faɗan ya yi.

Tun daga ranar na sayi littafi na kwabo uku, na ja layi a tsakiyar kowane shafi, Hausa a hagu, Turanci a dama. Na aro ƙamus ɗin Bargery na 1934 wurin hedimasta, in an tashi ofis in zauna da malamin asibiti, ni in koya masa Hausa, shi ya koya mini sunayen cuta. Sunayen ba su ba ni wuya ba. Agana, ƙyanda, sanƙarau, kurkunu, tsargiya, kowanne da takwaransa guda, hadda ce kawai irin ta allo.

Inda wuyar take shi ne maganar da muke yi kullum ba mu lura da ita. Mace ta ce zuciyarta na tashi, kadan ka juya wannan kalma da kalma, sai Likita ya ɗora abin saurarensa a ƙirjinta yana neman ciwon zuciya, alhali kuwa amai take ji. Namiji ya ce sanyi ke damunsa, watakila mura ce, watakila ciwon gaɓoɓi, watakila kuma cutar nan ta mafitsara da ake jin nauyin ambatonta, sai ka rage murya ka sake tambaya. Na kuma gane zazzaɓi a wurin likita alama ce, yana son ya san abin da ya kawo shi, shi ya sa yake sa ma'aunin zafi a baki ya ga ko ya wuce 98.4.

Abin da ya fi ba ni kunya, da duk ciwo kalma ɗaya nake ba Likita. Mu kuwa Hausawa muna da sara, da suka, da zugi, da raɗaɗi, da murɗa, mara lafiya yana zaɓen wadda ta dace, ni ina zubarwa a hanya. Likita ya nuna mini cewa ciwon da ya fara a cibiya sa'an nan ya gangara ƙasa wajen dama ba a wasa da shi, sau da yawa sai an yi aiki. To, ina zai sani in tafinta ya ce masa ciwon ciki kurum?

Amma babban kuskurena a zuwansa na biyu na yi shi. Wata mata daga ƙauye ta kawo yaro ɗan shekara biyar da zazzaɓin cizon sauro. Likita ya ba da kwalbar ruwan kwinin, ya ce ƙaramin cokali ɗaya sau uku a yini. Turawa suna da cokalin shayi da babban cokali, kowanne da sunansa, babban kuwa ya ci ƙaramin sau uku ko huɗu. Ni dai na ce mata, "Inna, cokali ɗaya sau uku." Ta yi godiya ta tafi.

Bayan sallar magariba ina cin tuwo, na ga uwargidana tana kwasar miya, sai gabana ya faɗi. Wane cokali ke gidan matar nan in ban da ludayi? Na bar tuwon, na ɗaura fitila a keke, na kama hanya mil biyar cikin rairayi. Na tarar ta riga ta ba shi sau ɗaya, Allah ya sa da ɗan ƙaramin ludayin koko ne, ɗacin kuma ya sa ya amayar da mafi yawa. Yana kwance ya toshe kunnuwa da hannu yana cewa ƙudan zuma sun shiga kansa. Kwinin in ya yi yawa haka yake yi, yana kuma iya makantarwa, har ya yi kisa. Na karɓe kwalbar, muka goyo yaron zuwa wurin Likita a daren.

Kashegari na gaya wa Likita laifin nawa ne. Muka shirya ni da malamin asibiti, kowace kwalba a manna mata takarda mai layi-layi, layi ɗaya sha ɗaya. Na daina cewa sau uku a yini, sai in ce da asuba, da azahar, da lisha. Ba na kuma sallamar kowa sai ya maimaita mini abin da na faɗa da bakinsa, ko da dagaci ne.

Bayan mako biyu matar ta zo ofis ran kasuwa, yaron na biye da ita yana gaigayar rake. Ta ajiye mini ƙwan zabi goma a ƙoƙo, ta ce, "Malam, kai ne ka cece shi." Na ce, "Inna, ni ne dai na kusa halaka shi." Ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da ta sani ta ga fitilar keke a ƙofar gidanta da dare.