Lamba 43

Hutu biyu na yi a Wara ina taya Baba jan taru, ina tara kuɗin takalmin ƙwallon kwando. Kambas ɗin gwanjon da nake wasa da shi a makarantarmu ta Yelwa ya riga ya buɗe baki.

A Instagram na samu wani mai haɗa takalmi a Legas, kai ke zaɓar kala da rubutu. Na zaɓi shuɗi, kalar tafkin Kainji da rani. A gefe na sa giwan ruwa, a dunduniya kuma sunan gungun da kakana ya baro da ruwan madatsa ya cinye shi a 1968.

Ya ce in taka takarda, in zana ƙafata in turo masa. Na ce ba sai na yi ba, 43 nake sawa. Gaskiyar magana kunya na ji. Ƙafata faffaɗa ce, yatsu a baje, irin ta wanda ya tashi cikin kwalekwale ba takalmi.

Bayan sati uku direba ya kawo shi tasha. Kyau kam ba a magana. Amma minti goma da fara wasa ƙaramin yatsana ya saɓule, jini ya jiƙa safa.

Baba ya juya takalmin a hannu, ya karanta dunduniyar, ya ce, "Ka rubuta garinmu, ka ɓoye ƙafarmu."

Ƙanena ke sa shi yanzu. Ni kuwa na koma taru, na kuma zana ƙafar a bangon littafin da nake rubutu a ciki.