Bazarar da Ƙwan Kajin Inna Ya Lalace

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna, duk mai kaza a Zariya ya shiga zullumi. Ana cikin haka zafin bazara ya sauka, kajin Inna masu ƙwai suka fara abin da ba mu taɓa gani ba. Ni ke shiga akurki da safe, don haka a hannuna abin ya fara bayyana. Wani ƙwan da na taɓa shi sai ya fashe. Wani babu ɓawo sam, tantani kawai ke riƙe da gwaiduwa. Wani kuma ɓawonsa da kaushi kamar an yayyafa masa yashi.

Maƙwabta suka ce kambun baka ne, wasu suka ce a yanka kajin tun kafin su mutu. Inna ta ƙi, domin da kuɗin ƙwan nan take saya mana littattafai. Ta aike ni na kira malamin dabbobi.

Bai fara duba ƙwan ba. Tambaya ya yi: "Hajiya, suna tari? Kashinsu kore ne? Akwai wadda ta mutu?" Ta ce babu ko ɗaya. Ya leƙa akurkin, ya tarar da kajin sun saki fukafukai suna haki a ƙarƙashin kwano. Ya damƙi abincinsu, ya ga rabinsa dusa ce da Inna ke haɗawa don buhu ya yi auki.

Nan ya zauna ya warware mana. Kaza na ɗaukar wajen awa 25 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, kusan awa 20 daga ciki a kan ɓawo suke tafiya, kuma kowane ɓawo na cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam. In abinci bai ba ta ba, daga ƙashinta take zara. Ga zafi ya rage mata ci, hakin kuma yana fitar da iskar da jininta ke bukata wajen gina ɓawon. Amma ya ja kunnenmu: in ƙwai ya yamutse, farinsa ya tsinke, ga tari, to cuta ce, a nemi likita nan take.

Muka shimfiɗa zana a kan kwanon, muka koma ba su ruwan randa da abinci da sanyin safiya da yamma. Inna ta daina haɗa dusa, ta ƙara musu garin ƙashi. Tun kafin damina ta faɗi ɓawon ya yi ƙwari, ko kaza ɗaya ba mu rasa ba.

Mai kiwo, in ka tsinci irin wannan ƙwai, kada ka yi saurin ɗauko wuƙa ko zargin maƙwabci. Duba abinci, ruwa da inuwa, sannan ka kira masani.