Agogon hannu ya ce lafiya lau, ashe ba haka ba ne

Jama'a, yau ba maganar canza sikirin ko batiri na kawo ba. Abin da ya faru da Kawuna ne, kuma da hannuna a ciki.

Ni mai gyaran waya ne a Shanga. Kawu masunci ne, ya fara kukan ƙirji yana masa nauyi in ya ja taru ko ya hau tudu, in ya huta sai ya saki. Sai na ɗaura masa agogon nan mai ƙirga bugun zuciya, na haɗa da wayata. Ya nuna 78. Na ce, "Kawu, zuciyarka ƙalau, gajiya ce." Wallahi har yau ina jin kunyar maganar nan.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka je asibiti a Yauri, daga nan aka tura mu Sakkwato. Gwajin ECG na yana kwance bai nuna komai ba. Sai aka liƙa masa wayoyi a ƙirji haɗe da wata 'yar na'ura, Holter, sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta. Awa 24 ya yi da ita, ba wanka, ni kuma ina rubuta lokacin da ciwon ya taso.

Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a rana, ba likitan da zai duba su ɗaya-ɗaya. Kwamfuta ce ke tace su, ta ware inda wani ɓangaren zanen da ake kira ST ya yi ƙasa na minti ɗaya ko fiye, alamar jini ba ya isar naman zuciya. Likita ya gwada da rubutuna, daidai lokacin da Kawu ya hau bene. Ya ƙara wasu gwaje-gwaje, aka ɗora shi kan magani.

Shi agogona ƙirga bugu kawai ya iya. Ko Apple Watch mai ECG na daƙiƙa 30, kamfanin da kansa ya ce ba ya gano toshewar jijiyar zuciya.

Don Allah, wanda ƙirjinsa ke nauyi, ko numfashi ke sarƙewa, ko ciwon ke gangarowa hannu da muƙamuƙi, ya ajiye waya ya nufi asibiti. Kawu na samun sauƙi, alhamdulillahi. Ni kuma na tsaya a gyaran waya.