Tafkin da Kuza Ta Bari

A Guri tafki kyautar damina ne: kogi ya cika ya batse, ya malala cikin fadama, ya bar wa mutane kifi da shinkafa. Shi ya sa mutumin Guri da ya tsaya a bakin tafkin Rayfield da ke Jos zai ɗauka irin na gida ne, sai dai a kan tsauni. Alhali ramin kuza ne da ruwa ya cike.

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Ririwai suna narka kuza. A farkon shekarun 1900 Turawan kamfanin Neja suka bi sawunta har Naraguta, kuma a 1914 layin dogo daga Zariya ya iso Jos. Hausawa suka yi ta kwarara, daga lebura har ɗan koli da mahauci. Da Japan ta mamaye Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta kafa aikin tilas a ramukan har 1944. Sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka hallaka da yawa daga cikin waɗanda aka kwaso. A 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya, harkar manyan kamfanoni ta durƙushe, ramukan suka zama gādon mazauna wurin.

Garin Aspen na jihar Colorado a Amurka ya ga irin wannan rana. Azurfa ta gina shi, ta yashe shi a 1893. Sai a 1946, da aka zuba jari a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, ya farfaɗo, har ya zama matattarar attajirai.

Jos ba ta da dusar ƙanƙara, amma tana da sanyi da duwatsun Shere da waɗannan tafkuna. A Rayfield ana shiga kwalekwale a sha iska. A wasu kududdufan manoman rani na jan ruwa su shayar da kabeji da karas. Sauran kuwa suna nan a buɗe da zurfinsu, suna cin yara da shanu. Bambancin wurin shaƙatawa da tarko shi ne ko an sami wanda ya ɗauki nauyin ramin.

Lamarin bai yi wa Guri nisa ba. Kogin Jama'are, wanda ke haɗuwa da na Haɗejiya a dausayi, daga wannan tsauni yake tasowa. Don haka masuncin fadama ma yana da haƙƙin tambayar yadda ake kula da ƙasar da ruwansa ke fitowa.