Farautar Tsohon Amo a Zungur

Duk wanda ya ji an ambaci Zungur ta ƙasar Bauchi, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne allo da alƙalami, sai kuma sunan Malam Sa'adu Zungur wanda ya rasu a 1958, ya bar waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Babu mai kawo jita cikin zancen. Mu kanmu da aka yanke wa cibiya a lungunan unguwar ba mu taɓa kawo ta ba, sai da wani tsohon kaset ya faɗo hannunmu.

Mu huɗu ne, abokan juna tun muna makarantar allo. Sha'awar jita kuwa daga arewa ta zo mana, ta cikin wayoyin hannu, inda muka riƙa sauraren makaɗan ƙasar Nijar irin su Bombino na Agadas da Mdou Moctar, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya kuma zo Sakkwato a 2008 ya ɗauki faifansa na farko. Muka yi karo-karo muka sayi jitar lantarki ta gwanjo da ɗan ƙaramin amfilifaya, muna koyo a ɓoye, don kuwa a unguwa irin tamu mai kaɗa jita ba ya rasa masu yi masa kallon ɗan iska.

A bakin layinmu akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, kakan ɗaya daga cikinmu, wanda kowa ke kira Baba. Tun tasowarmu ba mu san shi da komai ba sai ƙarfen narka dalma, da tabarau, da sahun gaba a masallaci. A 2021 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannunsa na hagu ya daina aiki, aka rufe shagon. Ranar da ake kwashe kaya ne jikan nasa ya tsinci kaset a ƙarƙashin tarkace, an rubuta 1978 a jikinsa da jan biro. Muna sa shi a rikoda sai muka ji jita tana magana da wata irin murya da ba mu taɓa ji ba. Da aka matsa wa uwargidan Baba da tambaya, ta yi murmushi ta ce ai shi ne. Ashe a shekarun da suka biyo bayan ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, lokacin da Bala Miller ke tashe a Kaduna, Baba makaɗin jita ne a wata ƙungiya mai wasa a otal-otal na Bauchi da Jos. Da ya je neman aure aka ce ba za a ba makaɗin bariki mata ba, sai ya sayar da jitar, ya kama gyaran rediyo, bai ƙara ɗaga zancen ba.

Abin da ya rage na wannan rayuwa duka shi ne kiɗa na minti 11, a kan zaren da ke zubar da ƙura mai ruwan ƙasa duk lokacin da aka juya shi. Muka yi sauri muka kwafe shi a kwamfuta. Amma kwafi bai ishe mu ba. Muka ƙulla niyyar mu koyi kiɗan, mu dawo da muryar nan daidai yadda take, sa'an nan mu je mu kaɗa wa Baba tun yana da sauran ji da gani. Ba mu kuwa shawarce shi ba.

Bayan mun saurara sau ba adadi, sai muka rarrabe abu uku a cikin muryar. Na farko gurnani ne, kamar an zuba wa sautin yashi. Na biyu amsa-kuwwa, kowane bugu yana dawowa sau uku ko huɗu, kowace dawowa ta fi ta bayanta dushewa. Na uku wata 'yar karkarwa ce, sautin yana hawa yana sauka kamar kwalekwale a kan ruwa. Bayan haka kuma kiɗan gaba ɗaya ya ɗan haura ma'aunin da muka sani, har muka yanke hukuncin cewa Baba yana da wani ɗaurin tsirkiya na asiri.

Makaɗan zamani suna samun irin waɗannan muryoyi ne da wasu 'yan akwatunan ƙarfe da ake jerawa tsakanin jita da amfilifaya, a riƙa taka su da ƙafa kamar fedar keken ɗinki, shi ya sa ake ce musu feda. Da muka bi salsalarsu sai muka tarar da abin mamaki, wato yawancinsu daga ɓaraka aka samo su. A 1961 aka fitar da wata waƙa ta Marty Robbins a Amurka, wadda wajen ɗaukarta a birnin Nashbil wani sashe na na'ura ya lalace, jitar Grady Martin ta fito tana gurnani. Jama'a suka so abin, injiniyan da ke wurin, Glenn Snoddy, ya ƙera ɗan akwatin da zai riƙa yin wannan ɓarna da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da shi kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. A Ingila kuma, a 1964, Dave Davies reza ya sa ya tsaga sifikarsa don ya sami irin wannan amo. Ita ma amsa-kuwwar da zaren rikoda ake yin ta a da. Zaren yana zagayawa ya wuce kan da ke ɗaukar sauti, ya isa kan da ke maimaita shi, tazarar da ke tsakaninsu ita ce jinkirin da ake ji, kuma kowane zagaye yana cinye kaifin sautin. Haka Roland Space Echo ta ƙasar Japan, wadda ta fito a 1974, take aiki. Daga baya aka yi fedoji masu aiki irin na kwamfuta, irin su Boss DD-2 ta 1983, masu maimaita sauti tas babu dushewa. Da kunnuwa suka gaji da tsabtar, sai aka koma ƙera waɗanda ke kwaikwayon tsufan zare da rashin daidaiton inji, har da maɓallin da ake murɗawa a ƙara wa sauti shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma yanzu har tsufan ma sayar da shi ake yi.

Muka sake yin karo-karo, wani ya sayar da wayarsa, muka aika Legas aka sayo mana feda uku na gwanjo. Wata huɗu muka yi muna fama a wani ɗaki na bayan gida. Fedar gurnanin tana da tiransisto irin na da, na jamaniyom, wanda zafi ke sauya wa hali. Abin da muka daidaita da sanyin safiya, kafin azahar ta bazara ya rikice, sautin ya riƙa tsinkewa kamar mai shaƙuwa. Wata rana aka ɗauke wuta muka sa mata batir ɗin da ya kusa mutuwa, sai ga gurnanin ya yi laushi, ya matso kusa da na kaset. Daga nan muka shiga tara matattun batura kamar masu tara dukiya. Muka ɗaure tsirkiyoyi suka haura ma'auni, muka murɗa maɓallin karkarwa, har ta kai in an rufe ido ba a iya bambanta namu da na kaset.

Wata Asabar bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a zauren Baba, aka tallafo shi ya zauna. Muka gaishe shi, muka kaɗa. Hannuwanmu na rawa, amma ba mu yi kuskure ba. Da muka gama ya yi shiru har muka fara tsarguwa. Can sai ya ce, "Sannunku da ƙoƙari, samari. Amma wa ya gaya muku haka jitata take kuka?"

Jikansa ya ce, "Baba, ai haka muka ji a kaset."

Ya yi dariya har da tari. "To, kaset kuka kaɗa, ba ni ba."

Sa'an nan ya shiga warware mana, a matsayinsa na wanda ya yi shekara arba'in yana buɗe cikin rediyo. Ya ce ranar da aka ɗauki kiɗan, batir ɗin rikodar ya yi sanyi, zaren yana tafiya a hankali. Da aka saurara da cikakken ƙarfi sai ya yi gudu, sautin ya haura. Asirin ɗaurin tsirkiyar da muka yi ta taƙama da ganowa ke nan. Karkarwar kuwa robar injin ce ta saki, ga kuma shekaru fiye da arba'in da zaren ya yi cikin zafi da ƙurar hunturu. Amsa-kuwwar ma ba ta wata na'ura ba ce, ba su da kuɗin sayen irinta. Ɗakin rawa ne mai daɓen siminti da rufin kwano, babu kowa a ciki. Ya ce, "Da a lokacin wani ya ba mu kayan da kuke da su, da mun yi kiɗa garau. Abin da muka yi ta gudu shi kuka sayar da waya kuka saya."

Jikinmu ya yi sanyi, muka ga mun je neman ƙiba mun samo rama. Amma sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce akwai abu ɗaya da muka kama daidai, shi ne gurnanin. Sifikarsa ce ta yage a hanyar Jos, ya liƙe ta da takarda da gam, amma ya bar 'yar ɓaraka da gangan. Dalili kuwa, shi a gindin masu garaya ya tashi, kuma garaya ba ta cika sai da ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙala mata a wuya, yana zuza tare da kowane bugu. Kunnen da ya saba da wannan, da kukan kuntigin Ɗan Maraya Jos wanda da gwangwanin kifi ake yin sa, in ya ji tsirkiya tsura sai ya ji kamar miya ba gishiri. Wato abin da Turawa suka tsinta bisa tsautsayi a Nashbil, kakanninmu sun daɗe da sanin daɗinsa, sun kuma ƙera masa ƙarfe.

Daga nan ya sa aka kashe feda biyu, aka bar ta gurnanin kaɗai, aka sassauta tsirkiyoyi suka koma mazauninsu. Ya ce a jefar da ɗan robar da muke kaɗawa da shi. Ya sa jikansa ya zauna a hagunsa ya riƙe wuyan jitar yana danna tsirkiya, shi kuma ya ɗora hannun dama yana kaɗawa da babban yatsa da manuni, irin kamun masu gurmi. Da farko suka yi ta saɓawa, yana cewa, "Ba nan ba, ɗan nan, sauko ƙasa." A karo na huɗu suka haɗu. Abin da ya fito bai yi kama da kaset sosai ba, ya fi shi nauyi da natsuwa, kuma nan take muka gane wannan ne kiɗan, wancan inuwarsa ce. Uwargidan ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida, ba ta ce komai ba har suka gama.

Tun daga ranar, duk Asabar muna zauren. Mun koyi kiɗa bakwai da ba su cikin kowane kaset, muna kuma ɗaukarsu da kyau, da cikakken batir. Fedojin ba mu yar ba, suna da ranarsu, amma mun daina ɗora musu abin da ba za su iya ba. Kuskurenmu shi ne mun yi wata huɗu muna tambayar na'ura, alhali mai amsar yana kwance taku hamsin daga ɗakinmu. Mu ɗalibai mun iya wannan. Mukan rungumi takarda da faifai, mu ɗauki tabon da zamani ya yi musu a matsayin ainihin abin, mu wuce tsohon da ya san yadda aka yi a zaune a ƙofar gida. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba mu ikon tambaya tun masu amsawa suna nan. Amin.