Mu Huɗu da Littafi Ɗaya

Har yau idan na ji warin kananzir a daren hunturu, littafin Shaihu Umar ne ke faɗo mini a rai. Mu huɗu muke karɓa-karɓar littafi ɗaya a Gumel, tun muna cikin Jihar Kano, don Jigawa sai 1991 ta zo. Bangonsa ya tafi tun kafin ya iso hannunmu, wani ya ɗinke shi da zaren buhu, shafukan ƙarshe kuma sun sha man ƙuli-ƙuli har kana hango rubutun baya. Wanda ya kwana da shi, shi ke zuba wa fitilar ƙwai mai.

Mu dai labari muka biyo. An sace yaro, kura ta cinye ɓarawon, ayari ya keta hamada. Malamin Hausa ya sa mun haddace cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wai Firayim Minista guda ya taɓa zama malamin makaranta mai shan ƙurar alli, kamar namu.

Wata rana Malam ya rufe littafin, ya tambaye mu: Abdulkarim, Balaraben da ya sayi Umar ya kai shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa har ya zama shaihi, mutumin kirki ne ko kuwa? Aji ya kaure. Wasu suka ce ai ya ba shi ilimi, wasu suka ce ai da kuɗi ya saye shi. Malam ya jingina da allo yana murmushi, har aka kaɗa ƙararrawa bai raba mana gardama ba. Mun ji haushi ƙwarai, don mun saba kowace tambaya tana da amsarta a bayan littafi.

Ranar Alhamis na bi kawuna kasuwar Maigatari. Ga raƙuma a durƙushe suna tuƙa, ga Buzaye cikin rawani, ƙura ta haɗu da ƙamshin tsire. Na tsaya ina leƙen fuskokin fatake, wai ko zan gane mai sayen yara. Kawu ya dungure mini kai, ya ce in kula da igiyar akuya.

Da dare na karanta wa kakata littafin. Ba ta kula da Abdulkarim ba ko kaɗan. "Ita uwar fa?" ta ce. Da na kai inda matar ta bi sawun ɗanta, ita ma ta faɗa bauta, ta gan shi a Tarabulus sannan ta cika, sai Kaka ta juya wajen bango. Can ta ambaci wata tsohuwa da ta sani tana yarinya, wadda ba a taɓa jin wani ya zo gaishe ta daga garinsu ba. Ba ta ƙara ba, ni ma ban san in tambaya ba.

Kwanan baya jikana ya zo, wai in taƙaita masa labarin, gobe jarrabawa. Na jefa masa tambayar Malam. Ya ɗago daga wayarsa ya dube ni.

"Kai tsoho, wannan ai ba ta fitowa."

Na ce to, matso da tabarma, mu fara daga Kagara, garin su Umar.