Asuba a Kan Bukit Tabur

Shekara biyu ina karatu a Gombak, kullum ina hango wani dogon dutse fari-fari ta tagar mota, ban taɓa tambayar sunansa ba. Sai da wani abokina Bazazzagi ya gaji da ganina a kulle da littattafai, ya ce, "Malam, gobe bayan sallar asuba za mu hau Bukit Tabur."

Dutsen yana gefen unguwar Taman Melawati, arewa maso gabas da Kuala Lumpur. Yanki ne na wani siririn tsauni mai tsawon kusan kilomita 14, na farin dutsen nan mai ƙyalli da muke kira ƙanƙara a gida. Abokina ya ce a Maleshiya iyakar ƙanƙarar da za ka taka a fili ke nan, tunda zafi da ruwan sama ne shekara zagaye.

Na tafi da gadarar wanda ya saba hawa Dala. Minti 20 gumi ya jiƙa rigata sharkaf. Daga nan hanya ta tsuke, muka koma rarrafe, hannu da ƙafa, kaifin dutse yana cin tafin hannu.

Da muka kai doron dutsen gari ya fara wayewa. A gefe ɗaya madatsar ruwa ta Klang Gates ce kwance cikin kurmi, hazo na tashi a kanta, duwatsun Genting can baya. A ɗaya gefen birni ne, tagwayen benayen Petronas na tsaye, fitilu ba su gama mutuwa ba. Ruwan da ke dama shi ake sha a gidajen da ke hagu.

Gaba kaɗan akwai wani gangare da sai an riƙe igiya. Na leƙa, ƙafata ta ɗauki rawa. Mutane sun rasa rayukansu a wannan dutse, ni kuwa ina da uwa a Kano da take ƙirga watannin dawowata. Na ce, "Ni dai nan na tsaya." Abokina bai yi mini dariya ba. Muka zauna muka ci dabino, muka sauko tare.

Mai son zuwa ya fara tuntuɓar hukumar gandun daji ta Selangor a kan izini, kada kuma ya hau bayan ruwan sama.